Zabin da Agwagwa Ta Ƙyanƙyashe

Bayan gidanmu na gado a Salaga akwai wani kango mai faɗi. A wancan lokacin ba komai a cikinsa sai bishiyar darbejiya guda a tsakiya, da tsohuwar rijiya wadda ta ƙafe tun kafin a haife ni, da ciyawa mai kai mutum ƙugu. A kan wannan kango na kusa rabuwa da garinmu a cikin shekarun alif ɗari tara da tamanin.

Ni direba ne a da. Na daɗe ina jan lorin doya daga Salaga zuwa Kumasi, har ranar da bayana ya ƙi. In na zauna a kan sitiyari na ɗan lokaci, sai an kama ni kafin in sauko. Mai lori ya yi haƙuri iyakar haƙurinsa, sannan ya ba wani makulli. Na dawo gida na zauna, ga mata ga 'ya'ya, ba sana'a.

Tun rasuwar mahaifinmu, ƙanensa ne babba a gidan, muna kiransa Baffa, kuma maganarsa ita ce magana. Wani mai injin niƙa ya zo masa yana son kangon ya kafa inji. A daidai lokacin ne kuma ƙanena, wanda ke da rumfar hatsi a Bawku, ya aiko cewa in je in riƙa zama masa a rumfa. Ba da mugun nufi ya faɗa ba. Amma yaron nan ni na goya shi, ni na riƙa kai shi makarantar allo a kafaɗa. In je in zauna yana aikena, in bar iyalina a Salaga ina aiko musu da gaisuwa, wannan kam ba zan iya ba.

Na sami Baffa a zaure na durƙusa na ce ya ba ni kangon.

"Me za ka yi da shi? Noman ciyawa?"

"Zabi zan kiwata, Baffa."

"Zabi," in ji shi, ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da ko kyanwa ba ka taɓa ciyarwa ba."

Ya ja carbinsa ya ja, sannan ya ce, "Na ba ka daminar nan. In an gama tonon doya zan zo in gani da idona. In na ga abin da zai riƙe gida, kango naka ne. In ban gani ba, mai inji ya kafa injinsa, kai kuma ka naɗe tabarmarka sai Bawku."

Wanda bai san zabi ba ya kamata ya san abu guda tun farko. Zabuwa gwanar yin ƙwai ce, amma ba uwa ba ce. Takan yi ƙwanta a cikin ciyawa, in ma ta ƙyanƙyashe sai ta ja 'ya'yan cikin raɓa su mutu ɗaya bayan ɗaya, ko waiwaye ba ta yi. Saboda haka kaza ake sa wa ƙwan zabi ta kwanta a kai. A unguwarmu akwai al'adar aron kaza. In kazar wata mata ta fara kwanci, kai kuma kana da ƙwai, sai ta ba ka aro. In ta ƙyanƙyashe ta yi reno ta gama, ka mayar da ita tare da ɗan zabo ɗaya ko biyu na godiya. Ba shaida, ba rantsuwa. Kajin unguwa kusan duk na mata ne, da su suke sayen sabulu da gishiri, da su suke fita kunyar baƙo.

Maiɗakina ce ta bi gida-gida tana roƙo. Saboda mutuncinta aka ba mu, ba saboda nawa ba, don ni a lokacin ba a san ni da komai ba sai hon ɗin mota. Na sare ciyawa, na gina akurkai na laka jere a jikin katanga, sannan na kama hanyar Bawku neman ƙwai, domin zabin can sun fi namu girma.

Ƙanena ya karɓe ni hannu biyu. Shi ya kai ni wajen mutanen ƙauye masu kawo ƙwai ranar kasuwa, a wurinsu na koyi zaɓe. Ƙwan da za a sa wa kaza ba a wanke shi. Ba a son wanda ya daɗe a ajiye, ko wanda ya sha rana a kan faifai. Ka tambayi mai shi ko akwai maza a garkensa, ka ɗaga shi kusa da kunne ka ɗan motsa, in ka ji yana kaɗawa ka ajiye masa abinsa. Muka jera su a cikin tukunya, tsini ƙasa, muka cika tsakaninsu da ƙaiƙayi. Ƙanena yana ɗaure bakin tukunyar yana dariya.

"Yaya, in sun fashe a hanya kada ka damu. Ka juyo kawai, a soya mana su mu ci da burodi a rumfa."

"Rumfarka ta ci kanta," na ce masa.

A kan cinyata tukunyar nan ta yi tafiya, ta Nakpanduri da Gushegu, hanyar da ko buhun masara yana kuka a kanta. Bayana ya sha wuya amma ko ɗaya bai fashe ba. Da na tsaya a haka, da labarin ya zo da sauƙi.

Mun iso Yendi ranar kasuwa, mota ta tsaya sauke kaya. Ina miƙe ƙafa sai na ga wani mutum da kwandon kaji yana sayarwa da arha, arhar da ta kamata ta sa ni tambaya. Na ce a raina, me zai sa in yi ta aro a hannun mata, ai gara in sami nawa. A cikin kwandon akwai wata ja da ke lumshe ido, ta saki fiffike, ga kashi kore-kore a ƙarƙashinta. Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Mutumin ya ce zafin rana ne, ni kuma na yarda saboda ina son in yarda. Na saye kwandon duka, da isata gida na sake su a kango, suka sha ruwa a kasko ɗaya da kajin aro.

An sa ƙwai, kajin aro sun kwanta lafiya. Ba a yi nisa ba jar nan ta mutu. Sai 'yan'uwanta suka bi. Sai kajin aro suka fara tashi daga kan ƙwai suna tangaɗi, wuya a murɗe, baki a buɗe suna neman numfashi. Matan da suka ji labari suka zo da gudu suka kwashe nasu suka mayar gida, ashe ciwon suka kai wa sauran. Kafin wata ya ƙare, in ka bi unguwarmu da asuba ba ka jin carar zakara. Ƙwan Bawku kuwa duk ya zama baragurbi, na haƙa rami na binne.

Abin da ya fi mutuwar kajin muni shi ne bakina. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce iska ce, ciwon shekara ne, ai har a ƙauyuka ana yi. Mutane kuwa sun ga kwandon da na sauko da shi daga mota. Maiɗakina ce ta sha kunyar. In ta je famfo sai hira ta tsaya. Wata rana ta dawo ta ajiye bokiti ta ce, "Malam, ni na roƙo kajin nan da bakina. Kai kana cewa iska, ni ce iskar ke kaɗawa." Na tashi na fita.

Yaran da ke zuwa wurina yanzu suna tambayar yadda ake fara kiwo, wannan nake fara gaya musu kafin maganar abinci ko akurki. Duk tsuntsun da ya fito daga kasuwa, ko daga gidan ɗan'uwanka ne, ka ware shi can nesa, kaskonsa daban, tsintsiyarsa daban, har ya yi mako biyu ko uku kana kallonsa. In kuwa ciwo ya shiga, kada kowa ya ɗauki kaza ya fita da ita. A binne matattu da zurfi, kada a jefar a bola.

Damina ta kai tsakiya, ba ni da ko gashin zabo. Sai ga wani direba da na sani ya sauke mini tukunya daga Bawku, ɗaure kamar yadda muka ɗaure ta farko, ta ma fi ta girma. Ƙanena ya ji abin da ya faru, ya saya ya aiko. Ga ƙwai mai kyau a hannu, amma ba kaza ko ɗaya a unguwa, kuma ko akwai a wata unguwar ba mai ba ni. Ƙwai kuwa ba ya jira, kowace safiya ƙarfinsa raguwa yake.

Abin da ciwon ya bari da rai a unguwar duka shi ne agwagin Iya mai koko. Iya tsohuwa ce, ƙawar kakata, tana sayar da koko da ƙosai a bakin masallaci, gidanta na gangare kusa da kududdufi. Ita ta fi kowa asara, don kajinta sun fi na kowa yawa. Agwagwa kuwa a wurinmu ba a ɗauke ta a bakin komai ba, ana cewa ƙazama ce mai kiwo a kwata, wasu ko namanta ba sa ci. Maiɗakina ce ta ce ta ga agwagin Iya guda uku sun fara kwanci a bayan madafa, kuma ta taɓa jin mutanen ƙauye na sa musu ƙwan zabi.

"To je ki tambaye ta," na ce.

"Ƙafata ta gama yawon roƙo. Taka ce ta rage."

Na tafi da hantsi, bayan ta tashi daga kasuwa. Na same ta tana tace ƙullun gero. Da yake ƙawar kakata ce, akwai wasa tsakaninmu, tun ina yaro take kirana mijinta.

"A'a, mijin banza ne yau a gidana? Ka zo ka ga ko akwai sauran abin kashewa?"

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa ba ta ɗago ba.

"Ina iska?" ta ce. "An ce ita ta kashe mini kaji. Ka gaishe ta in kun haɗu, na ji a mota ta zo daga Yendi."

"Iya, ba iska ba ce. Ni ne. Na ga kazar ba ta da lafiya na saya."

Sai a nan ta ɗago ta dube ni. Ta ɗauraye hannu, ta jawo kujera ta zauna, ta ce in faɗi abin da ya kawo ni. Na faɗa. Ta yi dariya har da tafa cinya.

"Direban Kumasi guda yana neman auren agwagwa! To na ba ka. Amma ba za su bar gidan nan ba, agwagwa in ka ɗaga ta daga inda ta zaɓa ta fasa kwanci ke nan. Ka kawo ƙwanka nan. Kuma da sharaɗi. Duk gidan da aka yi asarar kaza, zabo zai shiga gidan. Ba ɗan tsako za ka kai musu ya mutu a hannunsu ka ce ka biya ba. Sai sun yi ƙaho a ka, sun iya tashi. Ranar da na ce a raba, a raba."

Na ce na yarda. A lokacin ko me ta ce zan yarda.

Muka janye ƙwan agwagin muka zuba na zabi. Agwagwa tana da faɗi, tana rufe ninkin abin da kaza ke rufewa, kuma in ta je wanka ta dawo da danshi a gashinta, danshin nan yana taimakon ɓawon ƙwan zabi mai tauri. Illarta ɗaya ce, Iya kuma ta gargaɗe ni: duk abin da ta ƙyanƙyashe, a ganinta ɗan ruwa ne. Ƙwan zabi mako huɗu yake yi. A cikin makonnin nan na rushe akurkan da ciwo ya shiga, na ƙone shimfiɗarsu, na kankare ƙasar kango na zuba toka. Kullum kuma ina gidan Iya, ina share mata tsakar gida ina leƙen agwagi, ita kuma tana gaya wa masu sayen koko cewa ta yi sabon ango mai shara.

Duk da gargaɗin sai da aka yi mini. Ɗaya daga cikin agwagin ta riga lissafina. Na iso da safe na tarar da gurbi ba kowa sai ɓawo, na bi gangare da gudu, bayan da ke ciwo ya manta da ciwonsa. Na same ta a bakin kududdufi ta shiga ruwa tana kiran su, 'yan zabin na bin ta a jere. Na faɗa cikin taɓo har gwiwa ina tsamo su ina zubawa a hulata. Waɗanda suka jiƙe sosai ba su kai yamma ba. Sauran biyun kuwa na tsare su kamar mai gadi, da na ji ƙwai ya fara tsagewa ban ƙara matsawa ba, kowane ɗan zabo ya bushe sai in ɗauke in sa a ƙwarya.

Daga nan reno ya dawo kaina, tun da ba kaza. Na kwashe kayan ɗakina na shimfiɗa ƙaiƙayin shinkafa a ƙasa, na kewaye da zana. A tsakiya na ajiye tukunya da garwashi a ciki, na rufe garwashin da toka don ya yi ɗumi ba hayaƙi, taga kuma a buɗe kaɗan. Su da kansu suke gaya maka yadda ɗumin yake. In sun cunkushe a jikin tukunya suna kuka, sanyi suke ji. In sun gudu jikin zana suna haki, wuta ta yi yawa. In sun bazu kowa na tsince-tsincensa, ka bar su haka. Ruwan sha a faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki, don ɗan zabo yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba.

Abincinsu na farko tsakin gero ne mai laushi da gara. Gara ita ce naman ɗan zabo. Nakan cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da totuwar masara da ciyawa, in yayyafa ruwa, in kife ta a kan hanyar gara a bayan gari, in rufe da ganye. Da sassafe kafin rana ta yi zafi in je in ɗauko, ta cika maƙil. Sai dai a kula da masu jan kai, manyan nan masu cizo, suna kama maƙogwaron ɗan tsako. Wani ma'aikacin gona da ke zuwa kasuwa a kan babur ya ɗiga musu maganin rigakafi, ya kuma nuna mini na tsutsar ciki. Tun daga shekarar ban sake tsallake rigakafi ba.

Da suka yi gashi na fara fito da su kango, amma sai raɓa ta bushe, kuma da hadari ya haɗu in mayar da su. Kowace yamma ina buga gindin kwano a ƙarƙashin darbejiya in watsa musu dawa. Da yake ba su san wata uwa ba sai ni, duk inda na sa ƙafa suna baya. Wata rana na fito zan tafi sallar la'asar ban ja ƙyaure da kyau ba, sai da na kai bakin masallaci na ji mutane na dariya, na waiwaya na ga rundunata a bayana. Ladan ya ce, "Uwar zabi, su ma sun yi alwala?" Sunan nan ya bi ni shekaru. Da farko yana ƙona ni, daga baya in an kira sai in amsa da ƙarfi.

Wasu sun mutu, ba a rasawa. Shirwa ta ɗauki nata, sanyi ya ɗauki nasa. Amma lokacin da tonon doya ya kusa ƙarewa kangon nan cike yake. In suka taso gaba ɗaya daga gindin katanga, ƙasa har motsi take. Nakan tsaya a bakin rijiya ina kallonsu, in ce a raina bari Baffa ya zo.

Sai Iya ta aiko a kira ni.

"Na ga 'ya'yanka sun yi ƙaho. Gobe a raba."

"Iya, ki yi mini haƙuri kaɗan. Baffa na gab da zuwa. Ya gani tukuna, washegari in raba."

"Baffanka ne ya ba ka agwagwa?"

"A'a."

"To ka nuna masa abin da yake naka. Na mutane ba kayan ado ba ne da za ka ara ka yi kwalliya. Wata da watanni matan nan ba su da abin yanka wa baƙo."

Na dawo gida raina a ɓace. Na lissafa gidajen, na ga in na ba kowa gwargwadon asararsa, abin da zai rage bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Maiɗakina ta ɗauko tsummokaran atamfa ta yayyaga, kowane gida da launinsa, muka ɗaura wa zabin a ƙafa. Washegari muka bi gida-gida, ita a gaba ni a baya da kwando. A kowace ƙofa na faɗi abin da na faɗa wa Iya. Wasu suka ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Wata ta karɓa ta juya ba ta tanka ba, kuma ban ga laifinta ba.

Sai wata sabuwar fitina ta taso. Matan suka kife zabin a kwando kwana ɗaya biyu, suka sake su. Da yamma ta yi, ina buga kwano don 'yan nawa da suka rage, sai ga su ta kan katanga, ta kan rufin kwano, kowanne da tsummansa a ƙafa. Duk suka dawo. Zabo inda ya girma nan ne gidansa, ban san haka ba sai ranar. Na kama su na mayar, washegari suka sake dawowa. Haka muka yi ta yi, ni da kwando a kai kowace safiya. Tsorona kada a ce na ba da da hannun dama na karɓe da na hagu. Na ɓata da unguwa sau ɗaya, ban shirya na biyu ba.

Ana cikin haka Baffa ya aiko cewa zai zo bayan la'asar. Ya zo da sandarsa, mai injin na biye da shi da igiyar awo a hannu. Na yi addu'a ya duba ya tafi kafin rana ta sunkuya, don gara ya ga kaɗan da ya ga rigima. Ya zagaya kangon, ya leƙa ɗakin reno, ya tsaya ya dubi 'yan zabin da ke tsince a gindin bishiya.

"Su ke nan?"

"Su ke nan nawa, Baffa. Sauran na biya mutane."

"Na ji labari. Ka kyauta, haka ake yi." Ya numfasa. "Amma wannan ba zai riƙe gida ba, kai ma ka sani."

Mai inji ya fara warware igiyarsa. Sai ga maiɗakina ta fito da tabarma ta shimfiɗa a inuwa, ta durƙusa.

"Baffa, ba ka tafi ba ka sha ruwa ba. Na dama fura."

Na harare ta, ta yi kamar ba ta gani ba. Ta kawo fura, ta kawo dafaffiyar sabuwar doya da yaji, ta tsaya tambayarsa ciwon ƙafarsa da labarin gonarsa, abin da ban taɓa jin ta yi ba, don ita mai kunyar surukai ce. Baffa kuwa in aka taɓo maganar gona ba ya tsayawa. Rana na sauka, ni gumi na sauka. Can sai ta miƙe, ta ɗauki kwanon da nake bugawa, ta buga da kanta.

Suka fara zubowa. Ta gabas, ta yamma, ta kan rufin makwabta, da kukansu mai tsaga kunne. Wani ya sauka a kan tabarma ya kusa kifar da furar Baffa. Mai inji ya ja da baya yana kare fuska da igiya. Kafin ka ce me, kango ya cika kamar ba a taɓa raba komai ba. Bayansu kuma sai ga masu su, mata biyar ko shida, wata da muciya a hannu, Iya na ƙarshe tana dogara sanda tana haki.

"Ina mijin banzan nan? Kullum sai na biyo zabina gidan kishiya?"

Ta hango Baffa, ta gyara mayafi suka gaisa. Sannan ta ga igiyar awo.

"Wannan fa? Me ake aunawa?"

Baffa ya gaya mata. Ta dubi matan, matan suka dube ta.

"Inji a nan? To zabinmu su kwana ina? Mun kife su, mun ɗaure su, mun ba su dawa mai kyau, sun ce su sai nan. Malam, in ka kore shi Bawku, bin sa za su yi, ko su shiga daji. Ka kashe mana kaji sau biyu ke nan a gidanku."

"Ni ban kashe kazar kowa ba, Iya," in ji Baffa.

"Gida ɗaya ne."

Matar nan da ta karɓi nata ba ta tanka mini ba, ita ce ta yi magana bayan Iya. Ta ce ita ta gaji da kamun zabo, a bar nata a nan in riƙa kula da su, za ta riƙa aiko da dusa, in sun fara ƙwai a raba. Wata ta ce ita ma haka. Wata ta ce ta sayo kaji biyu daga ƙauye, in sun fara kwanci za ta kawo, amma in na sake sauka a Yendi da kwando sai ta fasa mini kai da muciyar nan. Aka yi dariya, har da ni.

Baffa ya daɗe yana kallon zabin suna hawa darbejiya ɗaya bayan ɗaya, kowanne na neman reshensa. Sannan ya dogara sanda ya miƙe, ya juya wajen mai inji.

"Naɗe igiyarka, malam. Ina da wani fili a bakin hanyar Kpembe, gobe mu je ka gani. Ni ba zan iya da matan unguwa ba."

Ya zo zai wuce ta gabana, na durƙusa. Ya taɓa katangar da sandarsa, ƙasa ta zubo.

"Wannan katangar ba ta tsare ko akuya. Tun da dukiyar mutane za ta riƙa kwana a nan, ka ɗaga ta, ka yi mata ƙofa mai makulli. Kada in dawo in same ta haka."

Washegari da sassafe na auna gindin katangar, na fara kwaɓa ƙasa.